Daga Daura Zuwa Legas: Lissafin Da Ya Kamata Ka Yi Kafin Ka Ɗaure Kaya

Tambayar ta fito ne daga wani ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke Daura, wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Legas, aka kuma ba shi makonni shida ya je ya kama aiki. Yana da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, uku daga cikinsu suna makaranta, mahaifiyarsa tana gidan gado kuma shi ne ke ɗauke da cefanenta. Yana da gona, da 'yan tumaki, da adashin da bai kai ga kwasa ba. Yana son ya san nawa zai tanada, ko ya sayar da kayan gida ko ya ɗauki mota ta kai masa su, da kuma ko ya dace ya ci bashi tunda an gaya masa gwamnati za ta biya shi kuɗin ƙaura.

Malam, Allah ya sa wannan canji ya zama alheri gare ka da iyalinka. Na yi shekara talatin da 'yan kai a sashen kuɗi kafin in yi ritaya in dawo Katsina in zauna, takardun neman alawus na ƙaura masu yawa sun ratsa ta teburina, ni kaina kuma an taɓa ɗauke ni daga nan aka kai ni Fatakwal da iyali. Abin da na lura da shi a tsawon wannan lokaci shi ne, duk wanda aka yi wa canji yakan fara da tambayar kuɗin mota, a kanta yake ɓata kwanaki yana ciniki da direbobi, alhali kuɗin mota yana cikin ƙananan abubuwan da za su fita daga aljihunsa. Abin da ke karya ma'aikaci shi ne watanni ukun farko bayan ya sauka, lokacin da yake ciyar da gida biyu da albashi ɗaya, an karɓe masa hayar shekara guda a dunƙule, alawus ɗin da ya dogara da shi kuma yana can cikin fayil bai fito ba. A kan waɗannan watanni uku ya kamata ka gina lissafinka, sauran abubuwa su biyo baya.

Bari in fara da kuɗin gwamnati, domin a kansa mutane suka fi yaudarar kansu. Gaskiya ne dokokin aikin gwamnatin tarayya sun tanadi alawus na kwana 28 a madadin masaukin otal ga ma'aikacin da aka sauya wa gari, sun kuma tanadi kuɗin sufuri na shi da iyalinsa da kayansa gwargwadon matakin albashinsa. Haƙƙinka ne, kuma ka neme shi a rubuce tun ranar da ka kama aiki, tare da kwafin takardar canji da takardar da ke nuna ranar da ka bar tsohon ofis da ranar da ka isa sabo. Sai dai wannan kuɗi ba ya tafiya tare da albashi. Albashi yana shiga asusunka duk wata ko kana Daura ko kana Legas, shi kuwa alawus yana fita ne daga kuɗin gudanarwa na ma'aikatarka, wanda sai an sako shi, sai kuma layi ya zo kanka. Na ga wanda aka biya cikin wata biyu, na ga wanda ya shekara biyu yana bibiya, na kuma ga wanda aka sake yi masa wani canjin kafin a biya shi na farko. Ga kuma wani abu: adadin da aka rubuta a takarda ba ya tashi da tashin farashin kasuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na haya suka yi tsalle, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar 2024, don haka ko an biya ka da wuri, da wuya ya rufe abin da ka kashe. Shawarata ita ce kada ka sa shi cikin lissafi ko kaɗan, kada kuma ka ci bashin da ka yi alkawarin biya da shi. Idan ya fito, sai ya zama abin mayar da gurbin ajiyar da ka taɓa.

Babban ramin da kuɗinka zai faɗa shi ne gida. A Daura ko nan Katsina, mutum yana iya samun gida ta hanyar sanayya, ya ba da kafin alƙalami, ya cika saura idan albashi ya shigo, mai gida ya yi haƙuri domin ya san gidanku, ya san mahaifinka. A Legas babu wanda ya san ka. Dokar haya ta jihar Legas ta shekarar 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ko da yake ta ware unguwannin Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island daga wannan hukunci, amma shekara ɗayan nan kuwa sai ka biya ta cif kafin a miƙa maka makulli. A kanta akwai la'adar dillali, akwai kuɗin lauya da ya rubuta yarjejeniya, kowannensu bisa al'ada kashi 10 cikin 100 na hayar, wasu ma sukan zarce haka, akwai kuma kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa saboda ɓarnar da ɗan haya zai iya yi. A ce ka sami gida mai ɗaki biyu da falo a kan naira 1,500,000 a shekara. La'ada 150,000, lauya 150,000, kuɗin ajiya a ce 100,000, ka ga sai ka ajiye 1,900,000 kafin ka shimfiɗa tabarma. Wannan misali ne na lissafi kawai, farashi na gaskiya yana bin unguwa, amma tsarin haka yake: duk hayar da aka faɗa maka, ka ɗora mata kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku kafin ka ce ka san kuɗin gidan.

Kada ka tura wa kowa kuɗin gida daga Daura saboda hoto ko bidiyo da aka aiko maka ta WhatsApp. Ba a cinikin biri a sama. Damfarar haya sana'a ce a manyan birane, ana iya karɓar kuɗin gida ɗaya daga mutum biyar, wanda ya karɓa kuma ba shi ne mai gidan ba. Ka ga gidan da idonka, ka ga mai shi ko lauyansa a ofishinsa, ka tura kuɗi ta banki zuwa asusun da sunansa ya dace da sunan da ke kan yarjejeniya, ka karɓi rasit. Wannan rasit yana da wani amfani na daban: sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a watan Janairun 2026 ta ba da rangwame na kashi 20 cikin 100 na hayar da mutum ya biya a shekara, iyakarsa naira 500,000, wanda ake cirewa daga kuɗin shigar da za a yanka wa haraji, kuma sai da shaidar biya ake samunsa. Idan za ka duba gida, ka je da damina in da hali, ko ka tambayi maƙwabta inda ruwa ke tsayawa, domin akwai unguwannin da hayarsu ke da sauƙi saboda ambaliya ce ke kwana a tsakar gida. Ka duba mitar wuta ko akwai tsohon bashi a kanta, ka kuma tambayi rukunin da layin yake, saboda a watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato layukan da suka fi samun wuta a rana, zuwa naira 225 kowane ma'auni, wanda ya ninka tsohon farashi fiye da sau uku. Mutumin da ya saba da abin da yake biyan KEDCO a Daura zai iya shan mamaki a watan farko.

Akwai kuma lissafin da sabon zuwa ba ya yi, wato nisan gida da ofis. Gida mai araha a bayan gari yana iya cinye bambancin kuɗinsa a motar zuwa aiki, ya ƙara maka da awa huɗu a cunkoso kowace rana. Kafin ka amince da gida, ka hau mota daga ƙofarsa zuwa ofis da sassafe a ranar aiki, ka dawo da yamma, ka ninka abin da ka kashe sau 22, ka ninka sau 12, ka ɗora a kan hayar. Sai a lokacin ne za ka iya kwatanta gida biyu da adalci.

Duk wannan shi ya sa nake ba ka shawara da babbar murya cewa ka tafi kai kaɗai tukuna. Makonni shida ba su isa mutum ya sami gida a garin da bai sani ba, ya sami makarantar yara uku, ya kuma haɗa kuɗin duka biyun. Legas cike take da 'yan uwa, a Agege da Mile 12 da Idi Araba da Obalende, kuma da wuya ɗan Daura ya rasa wanda zai ba shi wurin kwana na 'yan makonni, ko abokin aiki da za su raba ɗaki. Ka yi wata biyu ko uku kana kallon gari, ka san farashin mudun shinkafa da kuɗin cika tukunyar gas da kuɗin ruwa, ka san unguwar da iyalinka za su iya rayuwa a cikinta, inda akwai masallaci da Islamiyya kusa. Zaman gida biyu yana da nasa tsada, ban ɓoye maka ba. Za ka ci abincin saye, za ka aika da cefane Daura, katin waya zai ci kuɗi. Amma wannan tsada ce da ka san iyakarta, ta kuma fi sauƙi a kan ka sauke mace da yara huɗu da kaya cike da mota a gidan da ka karɓa cikin gaggawa, wanda ka riga ka biya shekara guda ba za a mayar maka ba. Ka daidaita kwasar iyali da hutun ƙarshen shekarar karatu, yara su shiga sabuwar makaranta a watan Satumba. Idan ka cire su a tsakiyar zango, ka yi asarar kuɗin da ka biya a nan, ka sake biyan cikakke a can, ga kuɗin rajista da yunifom da littattafai da kowace makaranta ke da nata. Ka karɓi takardar shaidar canjin makaranta da sakamakon jarrabawarsu kafin ku tashi, domin dawowa neman takarda daga Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000.

Yanzu batun kaya. Kafin a yi maganar sayarwa, a tuna cewa yawancin abin da ke cikin gidan Bahaushe kayan ɗaki ne, gado da katifa da kujeru da kwanuka, kuma na matar gida ne, iyayenta suka yi mata. Ba ka da ikon sa musu kuɗi ba tare da yardarta ba, idan kuma ta yarda aka sayar, kuɗin nata ne, in ka yi amfani da shi ya zama bashi a kanka har sai ka mayar mata da madadinsu. Na ga auren da wannan magana ta girgiza shi shekaru bayan ƙaura, lokacin da surukai suka zo ziyara suka tarar da 'yarsu a kan katifa a ƙasa. Ku zauna ku biyu ku raba kayan gida uku: wanda za a tafi da shi, wanda za a ajiye a gidan gado a kulle, da wanda za a sayar. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne. Duk abin da kuɗin ɗaukarsa da haɗarin lalacewarsa suka kusa bambancin da ke tsakanin sayar da shi a nan da sayen irinsa a can, a bar shi. Manyan gadaje da durowa na katakon zamani, wanda garin katako ne aka matse, ba sa jure kwancewa da ɗaurawa, ba sa kuma jure laimar Legas, ga ɗakunan can ƙanana da matakalar bene mai ƙunci. Firji da keken ɗinki da injin markaɗe da janareta mai lafiya da tukwane masu kyau sun cancanci tafiya, domin sabonsu ya yi tsada ƙwarai tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Ka tafi da buhun gero da dawa da wake daga gonarka, da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa. A Legas waɗannan daga Arewa ake kai su, kana sayensu ne da kuɗin motarsu a kai, sai dai kada ka ɗauki fiye da na wata uku ko huɗu, saboda laima da ƙwari ba sa barin hatsi ya daɗe kamar yadda yake daɗewa a rumbun Daura.

Game da mota, ka san cewa hanyar Kudu hanyar lodi ce. Manyan motoci suna tashi daga nan cike da shanu da hatsi da albasa da tumatir, don haka gurbin tafiya Kudu yana da masu nema.  Idan kayanka ba su cika mota ba, ana iya haɗa su da na wani, amma kada ka yarda a haɗa kayan ɗaki da dabbobi ko kayan gwari. Ka yi cinikin a tasha a gaban shugabannin ƙungiyar direbobi, a rubuta lambar mota da sunan direba da jerin kaya, a kuma fayyace a takarda wanda zai biya 'yan dako a nan da can, da wanda zai ɗauki kuɗin da ake karɓa a shingaye da harajin ƙananan hukumomi a hanya, da kuɗin da matasan unguwa kan nema kafin a sauke kaya a wasu sassan Legas. Ka biya rabi a nan, rabi idan kaya sun sauka.

Wannan sharaɗi na ƙarshe da tsada na koye shi. Lokacin da aka kai ni Fatakwal, na biya wani direba kuɗinsa duka tun a Katsina saboda ya ce zai sha mai ya gyara taya, na sa ƙanena ya bi motar, mu kuma muka yi gaba a motar haya. Kwana biyu muka yi tsammani. A rana ta uku ƙanena ya sami waya ya shaida mini cewa suna wani ƙauye bayan Lakwaja, inji ya buga, direba ya ce ba shi da ko sisi, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota yana shan shayi. Sai da na aika da kuɗin gyara daga abin da na ware don cefanen wata, domin kayana ne a kan titi, shi kuwa ya riga ya karɓi nasa. Ranar da motar ta iso, kwana shida bayan tashinta, ruwan sama ya ratsa tamfol ya jiƙa katifu biyu, madubin durowa ya tsage gida uku, uwargida ta buɗe kwalin tangaran ɗin da mahaifiyarta ta saya mata, ta ɗaga faranti ɗaya da ya rage da rai a cikin dozin, ta dube shi ta mayar, ba ta ce da ni komai ba. A kwanaki shidan nan a kan tabarmar aro muka kwana, muna sayen abinci na mutum biyar sau uku a rana. Da na riƙe rabin kuɗinsa, da shi ne zai nemi makanike tun daren farko.

Daga ina kuɗin zai fito? A nan ne tafiya kai kaɗai take ƙara yin amfani, domin tana ba ka damar sayar da abin da za ka sayar a lokacinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma duk dillalin da ya ji cewa gobe za ka tashi, rabin kuɗi zai taya. Tumaki suna da kasuwa gab da Babbar Sallah, kana kuma kusa da kasuwar Mai'aduwa da ke ci ranar Lahadi, wadda fatake ke zuwa daga nesa. Hatsi yana araha da kaka, yana tashi idan bazara ta yi nisa zuwa farkon damina. Idan lokacin tafiyarka bai dace da waɗannan ba, ka bar su a hannun amintacce ya sayar maka idan lokaci ya yi. Gona kuwa, ra'ayina shi ne kada ka sayar da ita don biyan haya. Haya tana ƙarewa bayan wata goma sha biyu, gonar da ta fita hannu kuma da wuya ta dawo a kan kuɗin da aka sayar da ita, aikin gwamnati kuma yau Legas ne, gobe wani wuri, ƙarshensa gida za ka dawo. Ka ba da ita haya ko ka ba ɗan uwa ya noma ku raba amfani, a yi maganar a gaban shaidu da mai unguwa, a rubuta iyakoki da adadin shekaru. Abin da ta bayar ya tafi kai tsaye ga cefanen Hajiya, ka ga ka rage wa albashinka nauyi ɗaya.

Cefanen mahaifiya ya cancanci a tsaya a kansa. Yanzu kana kusa, kana shiga da safe ka ga abin da ya ƙare ka sayo, ba ka taɓa lissafa nawa yake kamawa a wata ba. Idan ka yi nisa, komai zai koma kuɗi, har da abin da da kake yi da ƙafarka, kamar kai ta asibiti a kan babur ɗinka. Ka zauna da 'yan uwanka kafin ka tafi, a yanke abin da za ka riƙa aikowa duk wata da ranar da zai iso, da wanda zai karɓa, a kuma san wanda zai tsaya idan larura ta taso da dare. Ka ba bankinka umarnin tura wannan kuɗi da kansa ranar da albashi ya shiga. Ka kuma shirya wa abin da zai biyo baya: da zarar an ji kana Legas, za a ɗauka ka yi kuɗi, buƙatun biki da suna da kuɗin makarantar 'ya'yan dangi za su ƙaru a daidai lokacin da aljihunka ya fi kowane lokaci rauni. Gara ka faɗa wa manyan gida gaskiyar lissafinka tun yanzu, su ne za su kare ka.

Adashi amana ce, kada ka tafi ka bar shi a rataye. Ka je wurin uwar adashi ko shugabanku ka nemi a matso da kwasarka, ko ka yi musaya da wanda ke gabanka a layi, da alkawarin ci gaba da zubi ta banki har zagaye ya cika. Wannan ita ce hanya mafi tsafta ta samun kuɗi a dunƙule ba tare da ruwa ba. Bayanta sai ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata a ofishinku, in kana ciki, wadda ke ba da rance a cire daga albashi a hankali. Idan ɗan uwa ko aboki ne zai ranta maka, a rubuta, da adadi da ranar biya da shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni, kuma kada kunya ta hana. Ka nisanci manhajojin bashi na waya, ruwansu yana da yawa, wa'adinsu gajere ne, wasunsu kuma sukan bi lambobin da ke cikin wayarka suna tozarta ka idan ka makara. Kowane irin rance ka ɗauka, kada jimillar abin da za a riƙa cirewa ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigo maka, a Legas ma ni zan so ta tsaya a ƙasa da haka. Basussukan da ake bin ka a Daura, na mai shago da mai nama da tela, ka biya su kafin ka tashi. Waɗanda kake bin mutane, ka karɓi abin da ya samu, sauran kada ka sa su a lissafi.

Kuɗin da ka tara ka raba shi asusu biyu a bankuna daban-daban, ɗaya na haya da makaranta wanda ba ka riƙe katinsa a aljihu, ɗaya na hidimar yau da kullum. Wanda ya ga wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san abin da ke faruwa idan hanya ɗaya ta toshe. Idan ba ka son mu'amala da ruwa, akwai bankuna irin su Jaiz da TAJ da Lotus. Hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC tana lamunce ajiya har naira miliyan 5 ga kowane mai asusu a bankin kasuwanci tun 2024, a ƙananan bankuna kuwa miliyan 2, don haka ka san inda kake ajiye kuɗin haya. Kafin ka bar gida ka shiga reshen bankinka ka ɗaga iyakar abin da za ka iya turawa a rana, ka tabbatar lambar wayar da ke kan asusun ita ce a hannunka kuma sunanka ya dace a BVN da NIN, domin ranar da mai gida ya ce yau ko a ba wani ba ranar gyaran suna ba ce. Kada ka bi hanya da tsabar kuɗi mai yawa. Ka kuma nemi a sauya muku asibitin inshorar lafiya ta NHIA zuwa wanda ke kusa da sabon gida tun kafin iyali su iso, saboda sauyin yana ɗaukar lokaci, yara kuma sukan yi zazzaɓi a watannin farko na sauyin ruwa da iska, ga sauron Legas da ba ya hutun rani.

To, nawa za ka tanada? Ka ɗauki takarda ka rubuta hayar shekara da ƙarin kashi ɗaya cikin uku a kanta. Ka rubuta kuɗin shiga makaranta na yara uku na zangon farko, wanda za ka samo daga bakin makarantar kanta idan ka isa. Ka rubuta kuɗin motar kaya da na 'yan dako da na motar mutum shida da guzurinsu. Ka rubuta kuɗin tayar da gida, wato labule da gas da bokitai da gyaran famfo da makullai da gidan sauro, waɗanda ɗaya-ɗaya ba komai ba ne amma a haɗe suna iya cinye albashin wata. Ka rubuta bambancin da ke tsakanin albashinka da abin da gida biyu za su ci na wata uku. A ƙasan duka ka ƙara kashi 15 cikin 100 saboda farashi ba zai jira ka ba. Sannan ka ware wani kuɗi dabam, wanda ya isa ya kawo ka Daura ya mayar da kai cikin gaggawa, a jirgin sama ta Katsina ko Kano in ta kama, domin kana da tsohuwa a gida, kuma kiran da ake yi da asuba ba ya la'akari da ko ranar nawa ga wata. Wannan kuɗi ba na haya ba ne, ba na Sallah ba ne, kada ka taɓa shi.

Idan ka haɗa jimilla ka ga abin da ke hannunka, da kwasar adashi, da kuɗin tumaki, da rancen ƙungiya ba su kai ba, to iyali su ƙara zango ɗaya a Daura, kai kuma ka ci gaba da zama a ɗakin da kake rabawa kana tarawa. Ka gaya wa uwargida adadin da ya rage da watan da kake sa ran cika shi, ka nuna mata takardar, ka bar mata kwafi ta ajiye.